Jikan Bafulatana

Malam Abdulwahabu yana koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Gummi. Mutum ne da in ya karanta sabon abu ba ya samun sukuni sai ya juye wa wani. A wannan zangon karatu, labarin madara ne ya kama shi. Ya karanta cewa shekaru dubbai da suka wuce, hamadar nan ta arewa ciyawa ce da tafkuna, mutane suna kiwon shanu a cikinta. Da ruwan sama ya ja baya ƙasa ta bushe, waɗanda cikinsu ke iya narkar da ɗanyar madara har bayan yaye su ne suka fi rayuwa, jikokinsu kuma suka gaji wannan cikin. Manoma kuwa yawancinsu nono mai tsami suke iyawa, ɗanyar madara dama musu ciki take yi.

Ya gaya wa ɗalibai, ya gaya wa malamai, har mai faci sai da ya ji. Kullum kuma yakan ƙara da cewa shi ma yana cikin magada, domin kakarsa ta wajen uwa kowa Bafulatana yake ce mata. Sai ya shafa karan hancinsa, wanda a gaskiya bai fi na kowa tsawo ba.

Ranar kasuwar Bukkuyum, abokinsa Atiku, makiyayi da suka yi firamare tare, ya gayyace shi suna a rugarsu da ke bayan garin. Malam ya yi sammako ya isa ana cikin tatsa. Bayan an yi addu'a aka zauna gindin tsamiya, shi kuwa ya samu dattawa a tare, sai ya buɗe darasi. Baffa Halilu, mahaifin Atiku, ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"To, Malam," in ji tsohon, "mu dai Allah ya ba mu saniya munka sha. Ashe har da dalili."

Hure, ƙanwar Atiku, ta kawo wa baƙi kindirmo a ƙwarya. Malam ya ce a'a, shi wadda aka tatsa yanzu yake so.

Atiku ya matso ya rage murya. "Malam, mutanen gari ba su jure ta."

"A nan wurin ni ba mutumin gari ba ne," Malam ya ce yana bubbuga cikinsa.

Aka kawo masa ƙoƙo cike, da ɗuminta da kumfarta. Ya shanye. Da ya ga ana kallonsa, sai ya nemi ƙari.

Da azahar ya shiga bas mai komawa Gummi, aka matse shi a kujerar baya tsakanin buhun wake da wata tsohuwa mai kaji. Ba a yi nisa ba cikinsa ya yi wata ƙara, har tsohuwar ta leƙa taga tana duban hadari. Ya daure. Ya karanto duk addu'ar da ya haddace. Gumi ya jiƙa masa hula.

"Direba, don Allah tsaya!"

Sai da mutum biyar suka sauka kafin ya samu hanyar fita. Ya ari buta ya faɗa gonar gero da babbar rigarsa ta zuwa suna. Ya dawo, aka tashi. Kafin a kai ƙauye na gaba ya sake kira. A karo na uku direban bai ko juyo ba, ya ce a mayar da Malam bakin ƙofa kowa ya huta.

"Ɗana, mi kac ci?" tsohuwar ta tambaya.

"Madara, Inna."

"Ɗanya? Kai ko Bafillace na?"

Malam ya buɗe baki zai yi bayanin hamada da tafkuna, cikin ya sake murɗawa, sai ya rarumi buta.

Washegari ya je gaida mahaifiyarsa, Inna Kulu. Ya same ta tana tankaɗe. Ya ba ta labarin duka, sannan ya tambaye ta daga wace ruga aka auro kakarsa Laraba.

Inna Kulu ta ajiye rariya ta yi dariya har da hawaye.

"Wace ruga? Innata ɗiyar manoman Anka ta, kaka da kakanni. Tana yarinya wani maraƙi yak kore ta bakin rijiya, tah haye rumbu tana kuwwa, sai da anka kawo tsani. Tun ran nan anka sa mata Bafulatana don tsokana. Har ta rasu in ta hango saniya sai ta sake hanya."

"Inna, shekara arba'in ba wanda ya gaya mini?"

"Kai wa kat tambaya? Kai dai faɗi kakai."

Ta dama masa kunun tsamiya. Ya sha, cikin ya karɓa ba gardama.

Ranar Litinin ya tsaya gaban allo ya ce wa ɗalibai bayanin madara yana nan daram, an ma jarraba shi a kan hanyar Bukkuyum. Abu ɗaya ne za su goge a littafi, wato inda ya sa sunansa. Ya ba su labarin tiryan-tiryan, har da butar aro. Ajin ya kaure da dariya, shi ma ya yi, har malamin lissafi ya leƙo daga ajin kusa ya ce a rage murya, suna jarrabawa.