Kiɗa ta Bayan Bango

Sai da kafinta ya zura ƙarfe ta gefen ƙofar ya danna da iya ƙarfinsa kafin sakatar ta saki. Ƙofar na buɗewa kiɗan ya yo waje kamar an kwance kare: jita na kururuwa, ana yi wa ganga dukan kawo wuƙa, wani ƙato na tsaga maƙogwaro da yaren da babu mai jinsa a gidan. Tela ne ya fara shiga, don shi ne maƙwabcin jikin bango, kuma kaset ɗin da ke wannan hauka nasa ne.

Baba Direba na kwance a ƙasa tsakanin gado da bango, daga shi sai singileti da wando. Ɓarin jikinsa na dama ya saki, bakinsa ya karkace, idanunsa a buɗe suna kallon rufi. Hannunsa na hagu na yashe a gindin bangon, bayan yatsun ya ɗan kuje.

"Kashe abin nan, don girman Allah!" in ji matar Tela daga bakin ƙofa.

Tela ya laluba rediyon, ya rasa inda ake kashewa. Sai ya fizge wayar daga jikin bango. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin numfashin tsohon yana fita da ƙyar.

"Baba? Baba, ni ne. Tela ne."

Idanun suka juyo a hankali suka tsaya a kansa. Aka ciccibi tsohon aka sa a motar haya, Tela ya riƙe masa kai har asibiti.

Abotar nan tasu da faɗa ta fara. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan babbar mota ƙasa-ƙasa, da ya ajiye tuƙi kuwa bai dawo da gida ba, bai dawo da fili ba, sai kwali guda cike da kaset na waƙoƙin mutanen da ya ratsa garuruwansu. Tela kuma ɗan zamani ne, in kiɗa bai girgiza taga ba, bai ji an yi komai ba. Aka haɗa su bango ɗaya a ƙarshen layin ɗakunan haya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Wata safiya Baba ya leƙo da kansa ya ce, "Ɗan nan, wannan kiɗa ne ko injin markaɗe kuka kawo gidan?"

"Ai gara nawa, Baba. Naka kamar ana jan saniya ba ta son tafiya."

Tsohon bai yi fushi ba. Ya koma ɗaki ya dawo da kaset ɗaya ya ajiye a kan keken ɗinki. "Ji wannan tun daga farko har ƙarshe, gaba da baya. In ka gama ka zo ka zage shi a gabana. Ka ba ni naka ni ma."

Haka musayar ta kafu, har ta yi dokoki. Ba a ba mutum abin da ya saba ji. Ba a tsallake waƙa ko da tana sa ciwon kai. Babbar dokar kuma, wadda Baba ya kafa ran da Tela ya leƙa masa ana tsakiyar waƙa yana tambayar "ya ka ji?", ita ce ba a ƙwanƙwasa wa mai sauraro ƙofa. Sai ya gama, ya fito da ƙafarsa, ya kawo kaset da hukunci. Da yake Baba ya rantse ba zai ji waƙa a waya ba, Tela kan kai wa mai gyaran rediyo ya juye masa a kaset.

Ranar hukunci kuwa sai ka ce kotu. Su zauna a benci, kowa ya tsuke fuska.

"Baba, matar nan da ka ba ni, mutuwa aka yi mata ko takalmi ne ya matse ta?"

"Kai da kunnen tela! In ba ka ji kat-kat-kat ba, ai ba ka ji waƙa ba. Ɗanta take jira a bakin ruwa."

"Ka iya yaren ne?"

"Sai na iya yare zan gane mai jira?"

A hankali Tela ya faɗa tarkon. Ya fara son sarewar wasu mutanen duwatsu, ya fara son wata tsohuwa mai murya kamar tsohuwar ƙofa, har matarsa ta kama shi yana share ido a kan ɗinkin wuyan riga. Shi kuwa Baba ko sau ɗaya bai taɓa yaba kaset ɗin Tela ba. Zai juya shi a hannu, ya karkata baki gefe guda, ya ce, "Sun yi ƙoƙari. Allah ya ba su sana'a." Wannan magana tana ci wa Tela rai fiye da yadda yake nunawa.

Shi ya sa a wannan karon ya zaɓo mafi hauka a cikin abin da yake da shi, wai in za a sha zagi a sha mai dalili. Da hantsi ya ji kiɗan ya tashi ta bayan bango. Gefe ɗaya ya ƙare, rediyon Baba mai juya kaset da kansa ne, ya juya. Ɗaya gefen ya ƙare, ya sake juyawa. Tela ya ɗaga ƙafa daga kan keke ya kasa kunne. Baba bai taɓa maimaita kaset ɗin Tela ba.

Akwai wata waƙa a ciki da gangar ke yin shiru, a bar jita ita kaɗai tana kuka a hankali. Da aka zo wurin a zagaye na gaba, sai Tela ya ji wani bugu a ƙarƙashin jitar, mai nauyi, a dusashe, ba ya bin kiɗan daidai. Dum. Shiru. Dum-dum. Bai taɓa lura da shi ba. Ya ce a ransa lalle rediyon Baba ya fi nasa fitar da sauti, ashe akwai wata ganga da mutanen nan suka ɓoye a ƙasa. Abin ya burge shi ƙwarai. Har ya ɗauki almakashi yana bin bugun a gefen tebur.

Wani ya zo karɓar ɗinki ya ce, "Lafiya kuwa maƙwabcinka yake, da wannan ihun?"

Tela ya washe baki. "Bar shi. Yau na kama tsoho."

Matarsa ce ta dawo daga kasuwa da la'asar, daidai ana kiran salla. Ta tsaya a tsakar gida da kaya a kai.

"Maigida, tun yaushe abin nan ke yi?"

"Tun hantsi. Ya ji daɗinsa ne."

"Ana kiran salla? Yaushe Baba ya taɓa barin kiɗa ana kiran salla?"

"Ba a ƙwanƙwasa wa mai saura…"

Ba ta bari ya ƙarasa ba, ta dire kayan ta nufi ƙofar tana duka da tafin hannu.

A asibiti 'yar Baba ta iso washegari daga garin da take aure, idanunta sun kumbura. Ta gode wa Tela har da durƙusawa, abin da ya sa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Likita ya ce irin wannan ciwon da gaggawa ake tarar sa," ta ce. "Ya ce ya daɗe a kwance. Kawu, babu wanda ya ji faɗuwarsa?"

"Kiɗa ne ya yi yawa," in ji Tela.

Ba ƙarya ya yi ba. Amma tun a cikin motar haya, da kan tsohon a cinyarsa yana kallon kujewar yatsun nan, tambaya ɗaya ta ƙi barinsa: bugun da ya bi da almakashi, a cikin kaset yake, ko hannun Baba ne a jikin bango?

Da 'yar ta fita karɓo magani, ya jawo kujera ya matsa kusa da gadon. Ɗakin na warin maganin wanke ƙasa, fanka na juyawa a kasale.

"Baba," ya ce ƙasa-ƙasa, "ka buga mini bango?"

Tsohon ya dube shi. Bakin nan a karkace yake gefe guda, daidai yadda yake yi ranar hukunci, har Tela ya tsinci kansa yana jiran ya ji "sun yi ƙoƙari". Babu abin da ya fito sai yawu. Tela ya sa bakin rigarsa ya goge masa.

"In ka buga, ka matse hannuna."

Yatsun hagun suka motsa a cikin tafinsa, ba matsewa ba, ba saki ba. Tela ya sake tambaya, suka sake motsawa haka. Da ya yi shiru ma ba su daina ba. Ya zauna yana riƙe da su har 'yar ta dawo.

Baba bai sake magana ba. Ya cika wata safiya, Tela na tsakiyar yanka yadi aka kira wayar matarsa. Ta saurara, ta ce "Innalillahi," ta dafa bango. Tela ya ƙarasa yankan har ƙarshen yadin, don hannunsa ya ƙi tsayawa, sannan ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin wanda rabonsa da shi tun rasuwar mahaifinsa.

Bayan an kai shi an share makoki, 'yar ta kwashe ɗakin. Gado da katifa ta bayar, tufafi ta ƙulle. Kwalin kaset da rediyon kuwa ta kawo ƙofar Tela.

"Kawu, kai ne za ka san darajarsu. Kullum muka yi waya sai ya ce ɗan nan na kusa da shi ba shi da kunne, amma yana da zuciya."

Tela ya karɓa. Kaset ɗinsa na nan a cikin rediyon, ana hango shi ta ƙaramin gilashin. Ya tura rediyon ƙarƙashin tebur ya rufe da ragowar yadi.

Daga nan ɗinki ya gagare shi. Yana taka keke sai ya ji dum, ya ɗaga ƙafa da sauri, ya tarar babu komai sai kukan kaji a tsakar gida. Ya daina kunna kiɗa, shi da ba ya iya zura zare a allura sai da kiɗa. Ya ɗinka wa wani hannun riga a baibai. Ɗakin Baba na nan a buɗe ba a sa ɗan haya ba, in zai wuce sai ya kawar da kai. Tsoro yake ji, kuma ya san abin da yake tsoro.

Matarsa ta zuba masa ido har ta gaji. Ran nan ta ajiye masa abinci ta zauna a kan buhun yadi.

"Maigida, ka rame. Faɗa mini."

Ya faɗa mata duka, har da almakashin.

"Kwanansa ne ya ƙare," ta ce. "Ko ka ji ko ba ka ji ba."

"Na sani."

"To in ka kunna ka ji babu, me za ka yi? Za ka dawo da shi?"

"Ba zan dawo da shi ba. Amma dokarmu ce, ba a yanke hukunci sai an ji har ƙarshe."

Ba ta yi masa gardama ba. Shi ya tsara yadda za a yi, don kada ya cuci kansa, kada kuma ya yi wa kansa alfarma. Da hantsi, lokacin da aka yi wancan, ta ɗauki rediyon ta kai ɗakin Baba ta ajiye inda yake zama, ta murɗa sautin yadda suka tarar da shi, ta turo ƙofa. Shi kuma ya zauna a kan kekensa, bangon na gefen kafaɗarsa.

Kiɗan ya tashi. Ƙaton nan ya yi ta ihunsa, Tela ya ji waƙoƙin suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Can gangar ta yi shiru. Jitar ta rage ita kaɗai.

Ya riƙe numfashi ya bi ta tun daga farkon kukanta har ta dusashe. Babu komai a ƙarƙashinta. Ya ce wataƙila ba wannan wurin ba ne, ya jira kaset ya juya, ya ƙare, ya sake juyowa. Aka dawo wurin. Jitar ta yi kukanta ta gama, ita kaɗai.

Bai san lokacin da hannunsa ya tashi ba. Ya lanƙwasa yatsu ya taɓa bangon sau ɗaya, a hankali, ko rabin ƙarfin wancan bugun bai kai ba.

Nan take kiɗan ya mutu.

"Na'am?" muryar matarsa ta fito ta bayan bango, ɗakin da babu kaya yana amsa ta. "Maigida, kira na ka yi?"

Tela ya bar hannunsa a jikin bangon, fentin da sanyi, zaren da ya zare daga allura yana lilo a iskar da ke shigowa ta taga.