Aikina Faɗuwa

Shekara uku ke nan ina cin abinci da faɗuwa. Ɗakin da muke wasan kokawar judo yana saman wani gidan burodi, don haka katifunmu kullum da ɗumi, kullum da ƙanshi. Duk dabarar da Koci zai nuna wa ɗalibai, ni yake kira. Ya kama wuyan rigata, ya juya ƙugu, sai in tashi sama, in ga fanka ta wuce ta gaban yatsun ƙafata, in sauka in buga hannu a katifa, tas! In makarantu suka gayyace shi nuna wasa, tare muke zuwa, ya ba ni kasona. Yara suka sa mini suna Ganye, wai ni ba faɗuwa nake ba, saukowa nake.

Tun a aji biyu na sakandare na bar makaranta. Na taɓa ɗinki, na taɓa gyaran waya, na yi wata huɗu a garejin mota. Ko'ina na je sai ƙafata ta fara ƙaiƙayi. A nan ne kawai na daɗe.

Umma dai abin bai kwanta mata ba. "Auta, wai har yanzu kai ake jefarwa? Ɗan mutane ya yi jifa, nawa ya faɗi?"

Mijin Yaya yana da shagon tayil, yana neman mai tsaya masa. Sai ga Koci zai buɗe ajin yara na safe, mai albashi, ya ce wanda ya ka da wani tsakanina da Tanki, wani ɗalibinsa, ranar Asabar, shi zai riƙe ajin. Muka ƙulla da Umma: in na ci, in ci gaba da wasana. In aka ka da ni, Litinin ina shago.

Ranar Asabar da hantsi, a karo na farko, Umma ta hau matakalarmu tana haki. Ta zauna a benci kusa da takalma, ta rungume jakarta.

Tanki ƙato ne, wuyansa kamar cinyata. Muka rusuna wa juna.

"Ganye, ka gaishe mini da silin," in ji shi.

"Zan ce masa kana tafe."

Wanda aka jefa sau dubu yana jin jifa tun tana cikin kafaɗar mai yin ta. Minti biyu Tanki yana nema, ina zamewa, numfashinsa ya fara nauyi. Har na hango ajin nan: yara goma sha biyu cikin fararen riguna da suka fi su girma, suna ce mini Malam.

Akwai abin da daga ni sai Koci muka sani. Gwiwarsa ta mutu tuntuni, ba ya iya ɗaga kowa. In ya juya ƙugu, ni nake ɗan tura ƙasa da yatsun ƙafa in tashi da kaina, don jifar ta yi kyau a idon ɗalibai. Ba mu taɓa maganar ba.

Tanki ya juya ƙugu. Ya yi nisa, riƙonsa ya yi sako-sako, ko kaza ba zai ɗaga a haka ba. Amma daidai yadda Koci yake juyawa ya juya, sai ƙafafuna suka yi aikinsu ba su tambaye ni ba.

Ban taɓa daɗewa a sama kamar ranar ba. Shatar ruwan da ke jikin silin, mai kama da jirgi, ta matso a hankali har na ga kamar zan shiga. Fanka ta tsaya. Ƙanshin burodi ya biyo ni. Na ga Umma kanta a ƙasa, ƙafafunta a sama, ba ta rufe ido ba. Ban ji tsoro ba, ban ji komai yana yi mini ƙaiƙayi ba.

Tas!

Tanki ya tsaya yana kallon tafin hannunsa. "Wallahi ban ma ɗaga ka ba." Koci ya nuna shi da hannu, aji ya zama nasa. Ni bai dube ni ba, gwiwarsa yake ta murzawa.

A ƙasa Umma ta sayi burodi ɗaya. Muka taka zuwa wurin jiran mota.

"An ka da ni, Umma."

"Na gani, ai ba makauniya ba ce ni." Ta gutsuro burodin ta miƙo mini. "Tun kana ciki kake shure-shure. Ko a barci ban taɓa ganin fuskarka ta kwanta ba, sai yau, da kana can sama."

Ta zaro waya ta kira Yaya. "Ki ce wa maigidanki ya nemi wani. Wannan farfasa masa tayil zai yi."

Mota ta tsaya. Ta ɗora ƙafa ɗaya, sannan ta waiwayo.

"Kuma ka gaya wa tsohon Kocin nan ya ƙara maka kaso. Ina kallo, da kanka ka tashi. Rabin jifar taka ce."