Saƙon da Ustaz Fauzi Ya Karanta

Shekara talatin da ɗaya Nazih Abu Rabih ya yi a Foz, birnin da ya je ci-rani can ƙetaren teku, yana ɓoye abu guda: bai iya rubutun Larabci ba. Aji uku ya yi a ƙauyensu na Bikaa, yaƙi ya rufe makarantar, shi kuma ya gode wa yaƙin. Harufan boko a jikin kwalayen turare ya koye su, a shagon kawunsa da ke ƙetaren gadar kan iyaka. Da yawanmu 'yan ci-rani haka muke, sai dai mu mun kama bakinmu. Nazih kuwa in ya ga matarsa Ibtisam tana yi wa ƙannenta saƙo, Larabci da harufan boko, ga 3 ga 7 a tsakiyar kalma, sai ya ce, "Wannan gaisuwa ce ko lambar mota?" Namiji, in ji shi, da baki yake magana. Don haka duk safiyar Juma'a yakan aika wa yayarsa Wadad murya ta minti huɗu, rabi labarin ruwan sama, rabi tari.

Tarin ne ya kai shi asibiti. Likita ya yanke wani tsiro a maƙogwaronsa, ya ce ba mugu ba ne, amma sati uku ko raɗa kada ya yi.

Juma'a ɗaya ta wuce shiru. Ran Asabar Wadad ta aiko murya daga ƙauye. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ga ta yanzu da ciwon zuciya. Ta ce, "Nazih, na daina cin abinci. Ko kalma ɗaya ce, daga gare ka nake so."

Ibtisam ta ce, "Bari in kira ta in gaya mata."

Ya buga tebur da tafin hannu. Ita ma ta san dalili. A ƙauyen, in mutum ya mutu a ƙasar waje, matarsa ce ke fara kira ta ce ba ya ɗan jin daɗi. Washegari a ce jikin ya matsa. Rana ta uku a jera kujerun zaman makoki. Wadad da kanta ta sha kai irin wannan labari gidajen mutane. Hoto kuma, da bandeji a wuya da wannan fuska tasa, gara ma kiran.

"To ka rubuta mata mana, Abu Rabih," in ji Ibtisam. "Ga wayar, ga harufan Larabcin. Ni haifaffiyar nan ce, ban iya ba, amma kai ai ɗan asali ne."

Ya kalli harufan, su ma suka kalle shi. Ya gane alif, don ita sanda ce.

"Shekara ashirin da shida na sani," ta ce, tana zuba masa miyar adas. "A gidan abinci, in an kawo takardar abinci ta Larabci, kullum ka manta tabarau. Matso in koya maka lambar mota."

Haka mai gemu fari ya zauna gaban matarsa kamar ɗan aji ɗaya. Wannan harafin na maƙogwaro 3 ne, wancan 7. Awa biyu ya yi da yatsa ɗaya kafin ya haɗa layi uku. Ya fara da "ana mni7 ya ekhte", wato lafiyata lau yaya, sai labarin aikin da aka yi masa, sai hanin likita. Bai ƙara komai ba, yatsan ya gaji.

Sai da ya tura ya tuna wanda ke karanta wa Wadad saƙo. Mijinta, Ustaz Fauzi, tsohon malamin Larabci, wanda ya zane shi a aji uku ya ce masa jaki ya fi shi makoma. Nazih ya ture miyar.

Bayan awa ɗaya murya ta shigo. Wadad ce, tana kuka tana dariya. "Ɗan'uwana, ashe haka ka iya magana? Ka ce ni ce inuwar gidanmu. Ka ce ko ruwa ka sha sai ka tuna rijiyar Baba. Ustaz ya karanta mini sau uku. Kuma ka ce za ka zo lokacin tsinkar inabi. Na ci abinci, na sa a wanke ɗakin sama."

Ibtisam ta karɓi wayar ta duba layi ukun. "Ina rijiyar?"

Kafin ya ɗaga kafaɗa wata muryar ta shigo, ƙasa-ƙasa, ana jin kaji a bayanta.

"Nazih, Fauzi ne. Abin da ka aiko ko harafi ɗaya ban gane ba. Yayarka ta tsaya a kaina da ƙwayar maganinta a hannu. Shekara arba'in ina koyar da karatu, in ce mata ga takardar da ta fi ƙarfina? Na karanta mata abin da ɗan halak ya kamata ya rubuta. Maganar inabin bakina ne ya zarce, amma ta riga ta gaya wa maƙwabta." Ya ƙara rage murya. "Kana raye dai ko? In kana raye turo mini ɗigo ɗaya."

Nazih ya tura ɗigo. Ibtisam ta dafa bango don dariya. "Jaki da malaminsa," ta ce, "an yi canjaras."

Shekara goma sha tara rabonsa da ƙauyen, kowace shekara da uzurinta. Ya zauna yana neman na bana. Ba uzurin da zai iya faɗa ba tare da ya ƙaryata Ustaz ba, in ya ƙaryata Ustaz kuma Wadad ta koma ajiye cokali.

Ya ɗauki wayar, ya yi minti goma yana dannawa. Wayar Ibtisam ta yi ƙara a aljihunta, ga ta tsaye gabansa. Ta karanta.

"Fasfonka? Yana cikin akwatin barguna. Ya mutu tun bara waccan. Gama miyar, gobe mu je a sabunta."