Bindigar da Wendell Ya Raina

Tun da suka baro gona Wendell Haugen ya kasa zama wuri ɗaya a kujerar a-kori-kura. Ya gyara hula, ya sauke gilashi, ya ɗaga, ya kunna rediyo ya kashe. 'Yarsa Lorna ce ke tuƙi, wannan kaɗai ma ya isa ya ɓata masa rai, don motarsa ce. Jiya ta zo daga birnin Billings da tukunyar nama da dankali, da kuma zancen nan nata da ba ya ƙarewa: ɗakin da ke bayan kicin ɗinta ta share shi, ta sa gado, har labule ta canza. A cewarta, mutumin da ya haura saba'in ba shi da dalilin zama shi kaɗai cikin shanu, nesa da asibiti.

Laifin bakinsa ne. Ranar da aka binne matarsa Maxine ya ce wa Lorna, duk ranar da ya kasa yi wa kansa abu ta zo ta kwashe shi. Ya faɗa ne don ta ƙyale shi, ita kuwa ta riƙe maganar gam, irin riƙon uwarta.

To, ga shi ranar ta zo, ko da yake shi kaɗai ya sani. Tun tsakiyar hunturu yatsunsa suka ƙi. Amosani ya cinye masa gaɓoɓi har ya zama ba ya iya ɗana tsohuwar bindigarsa ta ɗamara. Marfin nan na sama, wanda sai an ja shi baya da ƙarfi kafin harsashi ya hau, ya gagare shi. Ga haihuwar shanu ta matso, ga sawun zakin dutse mai cin maruƙa ya gani a bakin rafi, kuma mai tallafe da maraƙi ba ya iya saɓa doguwar bindiga. Sai ya ce wa Lorna tsohuwar ce ta lalace, sabuwa yake so. Bai yi zaton za ta ce bari ta kai shi ba.

Shagon Dwight Pruitt na nan a garin Lewistown inda yake tun fil azal, da warin mai da na kofin da ya kwana a wuta. Dwight ya ɗago kai daga bayan kanta, ya washe baki.

"A'a, yau wa nake gani? Na ɗauka kyarkeci ya cinye ka, tsoho."

"Ya gwada, haƙoransa suka zube. Kai fa, har yanzu ba a rufe wannan kango ba?"

Suka taɓa zancen dusar ƙanƙara da tsadar ciyawa, Wendell yana amsawa rabi da rabi, idonsa na kan gilashin kanta. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, Dwight ya fito da manyan fistol guda uku ya jera a kan wani ƙyalle. Kowace sai da ya zare mata gidan harsashi, ya ja marfin baya har ya maƙale a buɗe, ya leƙa ciki, sannan ya ajiye. Haka ake yi a can. A buɗe ake miƙa maka bindiga, a buɗe kake mayarwa, wanda duk ya mayar da ita a rufe an san ba a koya masa komai a gida ba. Wendell da kansa ya sha yi wa baƙi tsawa a kan wannan.

Don haka ya shirya dabararsa tun a hanya: zai ɗauka a buɗe, ya ajiye a buɗe, ya zaɓi ɗaya da baki, sauran sai ya koma gida ya san yadda zai yi.

Ta farko baƙa ce mai jikin roba, marar nauyi. Dwight ya ce ita 'yan sanda suka fi saye yanzu, ba ta jin laka, kuma marfinta da taushi. Wendell ya juya ta kamar an ba shi mataccen ɓera.

"Wannan ai ta wasan yara ce. In na bar ta kusa da murhu narkewa za ta yi."

"Kai ma in an bar ka kusa da murhu barci kake yi," in ji Dwight.

Ta biyu mai kaurin mariƙi ce, tana cin harsashi da yawa. Wendell ya ce shi ba yaƙi za shi ba, ya ajiye. Ya taka zuwa wajen takalma, ya dawo. Ya sake ɗaukar ta robar, ya sake zaginta. Ya tambayi Dwight abin da ya riga ya tambaya, ya ce zafi ya yi yawa a shagon, ya cire safar hannu, ya tuna, ya yi maza ya mayar. Lorna tana jingine da kantar shagon, ta harɗe hannuwa tana bin sa da ido, kuma kallon nata ya fi komai damunsa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da bijimi ya danne shi a jikin shinge.

Sai ta uku. Ƙarfe ce zalla, mariƙinta na itacen goro mai duhu, ƙirar tsohuwarsa sak, sai dai sabuwa fil. Yana ɗauka nauyinta ya zauna masa a tafin hannu, ransa ya yi fari, dabara ta bi iska. Babban yatsansa ya danna ɗan ƙarfen gefe kamar yadda ya saba shekara da shekaru, marfin ya koma gaba da ƙara, ƙas. Ya ɗaga ta ya saita bangon baya inda aka rataye kan barewa, ya ce wannan ita ce bindiga, sauran duk tarkace ne.

Da ya sauke hannu ya gane abin da ya yi. Bindiga a rufe, Dwight ya miƙo hannu yana jira.

Ya kama marfin da yatsun hagu ya ja. Ya motsa kaɗan ya kuɓuce. Ya ce safar ce ke santsi, ya cire ta da haƙori, ƙullutun yatsunsa suka fito fili, a kumbure, a karkace. Ya sake ja. Zafi ya harba masa har gwiwar hannu, marfin bai kai ko rabi ba. Dwight, mutumin kirki, nan take ya tuna akwai wani kwali da zai duba a ƙarƙashin kanta.

Wendell ya tsaya da bindiga a hannu, yana ganin labulen nan na Billings da bai taɓa gani ba.

Lorna ta matso kusa da shi, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, daina ja. Kawo ta jikin ƙirjinka, bakin na kallon bango. Ɗora tafin hagu gaba ɗaya a sama, ka riƙe kawai. Da dama za ka tura, da kafaɗa."

Ya san wannan riƙon. Haka Maxine ke ɗana bindiga, a ƙanƙame a ƙirji, tana cije baki, shi kuwa yana zaune a kan shinge yana dariya, yana cewa kamar mai kokawa da murfin kwalba. Har a gaban baƙi ya sha kwaikwayonta. Ya ji kunya ta rufe shi, amma ya yi yadda aka ce. Ya tura, marfin ya tafi baya, da ƙyar, ya maƙale. Ya ajiye ta a kan ƙyallen a buɗe.

Lorna ta ce ya sake. Ya sake, ta buɗe, amma a karo na gaba ta ƙi, ƙarfenta ya fi ƙarfinsa. Lorna ta tura masa mai kaurin, ita kuma yatsunsa ba su zagaye mariƙinta da kyau ba. Saura ta roba. Ya dube ta, ya dubi Dwight da ya riga ya ɗago yana ƙoƙarin haɗiye murmushi. Ya ɗauka, ya kai ƙirji, ya tura. Ta buɗe salin-alin. Ya rufe ya sake, ya sake, ya sake, har Lorna ta dafa masa hannu.

"Dwight, in ka yi dariya zan fasa maka gilashin nan," in ji Wendell.

"Ni? Ina ni ina dariya. Sai dai ka nisanta ta da murhu."

Da suka gama cinikin ta robar suka fito, Lorna ta jefa masa makullin mota, ta zagaya ɗaya gefen. Bai tayar da motar ba. Ya zauna yana jiran hukunci, don alkawari alkawari ne, kuma ta gani da idonta. Ta ce tun da safe, yana wajen shanu, ta gwada tsohuwar bindigar, lafiyarta ƙalau. Ta ce ba ta ga ya kasa ba yau, ta ga dai ya koyi wani abu, wanda kuma a wajensa abin mamaki ne. Ɗaki yana nan, ba gudu zai yi ba. A gama haihuwar shanu tukuna, amma ranar Litinin zai ga likita, wannan ba roƙo ba ne.

Ya sauke numfashi. Don ya kawar da zancen, sai ya tambaye ta wa ya koya wa uwarta wannan riƙon, don dai ba shi ba ne.

"Ba wanda ya koya mata," in ji Lorna, tana kallon titi. "Hannunta ne ke ciwo, Baba. Irin naka. Ta fi shekara goma da shi. Ta ce kar a gaya maka, don kana jin daɗin dariyar."

Wendell ya dubi yatsunsa a kan sitiyari. Wata mota ta tsaya a bayansu tana jiran wurin, ta gaji ta wuce. Can ya zare makullin, ya miƙa wa Lorna, ya ce ta tuƙa.