Inda Ƙirgar Tsohuwa Ta Tsaya

Shagonmu ɗaya ne, ko labule bai raba mu ba. Ni ina bakin ƙofa da teburin gyaran agogo saboda haske, shi kuma mai bidiyo yana can ƙurya, inda ya ce hasken ne ba ya so. Shekara goma sha tara muna haka. A da ɗaukar bidiyon taro yake yi. Da waya ta kashe wannan sana'a, sai ya koma juyar tsofaffin kaset: a tono na ƙasan akwati a kawo masa, ya mayar da su fayil, mai su ya kalla a wayarsa.

Da kwamfuta ɗaya yake aikin, wata fara da ta koma ruwan ƙasa, muna ce mata Tsohuwa. Ba don ƙauna ya riƙe ta ba. Katin da ke karɓo hoto daga na'urar kaset ba ya shiga sababbin kwamfutoci, manhajarsa kuma ba ta tashi sai a kan tsohon tsarin da ke cikin Tsohuwa. In ta mutu, aikin ya mutu.

Da faifan da take zuba aiki a ciki ya fara ƙara kamar ana tauna tsakuwa, sai ya kira ƙaramar 'yarsa. Gyaran kwamfuta take yi a wani kamfani. Kowa Injiniya yake ce mata, ban da ubanta da ke ce mata Auta. Ta zo da sabon faifai, ta ɗaura, ta goge hannunta a tsumman teburina.

"Baba, ƙananan sun ƙare, ba a yin su kuma. Wannan giga ɗari biyar ne. Amma ɗari da ashirin na yanka maka. Sauran ka ɗauka babu shi."

"Babu shi kamar yaya? Ba ga shi nan kin ɗaura ba?"

"Tsohuwa ba ta iya ƙirga abin da ya wuce ɗari da talatin da bakwai ba. Lokacin da aka yi ta, ba wanda ya zaci faifai zai kai haka. In ya kusa cika, ka kira ni in zo in kwashe."

"Wato gida mai ɗaki biyar, a ce in tare a ɗaya, in rufe huɗu."

"Ai ba kai ka gina ba," in ji ta. Ta ce min, "Kawu, ka sa masa ido." Na ce to.

Aikin farko da ya hau sabon faifan na wata malamar makaranta ne. Ta shigo da kwalin takalmi biyu ɗaure da igiya, kaset goma sha ɗaya, kowanne da lamba a bayansa da rubutun mahaifinta. Ta zaro na ɗaya ta ajiye shi daban.

"Baba, sauran duk in sun ƙi, sun ƙi. Wannan nake so. Ranar da muka tare a sabon gida ne. Mahaifiyata ba ta yarda da kyamara, in ta gan ta sai ta shige ɗaki. A nan kaɗai aka samu ta zauna ta yi magana. Shekara ashirin da biyu da rasuwarta. Fuskar ina da hotuna. Muryar ce ta fara ɓace min."

Ya ɗaga murfin kaset ɗin, ya kai shi hasken teburina. Fumfuna ta yi fari a gefen zaren. Ya ce mata gaskiya: zai goge shi a hankali, amma irin wannan sau ɗaya yake wucewa ta cikin na'ura. Ta ce ta yarda.

Haka kuwa aka yi. Kwana biyu yana goge shi da auduga, yana juya shi da yatsa. Ya wuce sau ɗaya, hoto da murya suka shiga Tsohuwa lafiya. Da ya fito da shi, baƙin da ke jikin zaren ya zube a cikin na'urar kamar toka, wurare da yawa kana hangen yatsanka ta ciki. Ya buga wa Malama waya ya ce an dace. Ta ce kada ya turo mata komai tukuna, yayanta zai zo daga nesa ranar Asabar, tare suke so su gani.

Awa ɗaya ta bidiyo giga goma sha uku take ci. Ranar Talata, da ya gama na tara, wuri ya ƙare. Ya kira Auta, ta ce kamfani ya tura ta wani gari, sai Juma'a.

Ana cikin haka surukinsa ya biyo, mijin babbar 'yarsa. Mutumin kirki ne, ba ya wuce mu bai tsaya ba. Sai dai ban taɓa jin an kawo wata magana ya ce bai sani ba, shi ya sa a tsakaninmu muke ce masa Ƙwararre. Ya leƙa fuskar kwamfutar.

"Baba, ai fili ne fal a nan, kusan ɗari huɗu, a kwance kawai. Wa ya yi maka wannan yankan ƙauna?"

"Ƙanwar matarka. Wai Tsohuwa ba ta iya ƙirga ba."

"Tsoro ne irin na masu takarda. Minti biyar in haɗe maka shi."

Na ɗago daga agogon da ke hannuna na ce, "Yarinyar nan fa ta ce a jira ta."

Mai bidiyo ya ce, "Kai da ka shekara arba'in kana ƙirga sha biyu, ina ruwanka da ɗari biyar?"

Na mayar da gilashina ido. Shi da kansa ya miƙa wa Ƙwararre sukundireba. Aka ciro faifan, aka haɗa da sabuwar kwamfutar surukin, aka buɗe sauran filin, aka mayar. Tsohuwa ta tashi, ta nuna ɗari biyar ba ta ce uffan ba. Mai bidiyo ya juyo da fuskarta wajena don in gani da kyau.

Na goma ya shiga lafiya. Ranar Alhamis da hantsi ya sa na goma sha ɗaya. Ya yi nisa, sai na ji ya ce, "A'a." Hoton ya tsaya cak. Ya jira, ya danna, ya sake jira, daga ƙarshe ya kashe ya kunna. Da ta tashi, babu fayil ko ɗaya. Wani ɗan akwatin rubutu ne ya fito, yana cewa faifan nan ba a shirya shi ba, ko a share shi a shirya shi yanzu?

Ya daɗe yana kallon rubutun. Sai ya sunkuya ya zare wayar wutar daga bango. Ya zauna a kan benci, hannuwansa a kan gwiwa. Har muka rufe shago bai karɓi aikin kowa ba.

Daga tasha Injiniya ta wuto shagon ranar Juma'a, da jakarta a kafaɗa. Ta saurara har ya gama, ba ta katse shi ba.

"Ka danna e?"

"Ban danna komai ba."

"To, wannan kam ka kyauta." Ta ajiye jakar. Ya ce shi abin da bai gane ba, ai da idonsa ya ga ta nuna ɗari biyar.

"Lambar da aka rubuta mata ta karanto maka, Baba, ba ƙirgawa ta yi ba. Kawu, agogonka in ya kai sha biyu, ina yake zuwa?"

Na ce, "Ɗaya."

"Haka ta yi. Da ta kai ɗari da talatin da bakwai, ƙirgarta ta ƙare, ba ta tsaya ba, ba ta yi kuka ba, ta koma farkon faifan ta ci gaba da zubawa a kan abin da ke wurin. A farkon nan jerin sunayen fayil yake, shi ya sa ta ce ba komai. Bayansa kuma sai abin da ka fara sawa."

Kaset na ɗaya ke nan. Ya sani.

Ta haɗa faifan da tata kwamfutar, ta sa wata manhaja tana bin sa lungu-lungu. Abin ya ci yinin nan har washegari. Fayil suka dinga fitowa ba suna, tana buɗewa yana cewa wannan na huɗu ne, wannan na bakwai. Daga na biyu zuwa na goma ba abin da ya taɓa su. Na goma sha ɗaya kaset ɗinsa lafiya lau, ana iya sakewa. Na ɗaya ya fito, amma an cinye masa minti tara daga kai.

"A ina mahaifiyar take magana?" in ji Injiniya.

"Da ita aka buɗe kaset ɗin."

Ta ce a gwada mayar da kaset ɗin cikin na'ura ko Allah zai sa. Suka gwada. Ɗige-ɗige ne kawai kamar yayyafi a fuskar talabijin, da wani huci. Ta ce in yana so ita za ta yi wa matar bayani, ta san yadda ake faɗin irin wannan. Ya ce a'a.

Da la'asar Malama ta iso da yayanta, wani dogo mai furfura da bai cika magana ba. Na ba su bencina. Mai bidiyo bai zauna ba.

"Malama, na yi miki ɓarna. An gaya min iyakar na'urar nan, na ƙi ji. Maganar mahaifiyarki ta shiga lafiya, ni na sa aka taka ta. Kaset ɗin kuma ba zai sake ba da komai ba."

Ta kalle shi, ta kalli kwalin takalmin da ke kan tebur.

"Ka ce min an dace."

"Na ce."

"Da na ce ka turo min ranar nan..." Ba ta ƙarasa ba. Yayan ya dafa kafaɗarta, ta ture hannun a hankali. "Gaba ɗaya?"

"Saura daƙiƙa goma sha huɗu," in ji Injiniya.

"Sa min."

Hoton ya fara da tsalle da layuka masu launi, sannan ya daidaita. Falo ne ba labule, kwalaye jibge a jikin bango. Wata mace siririya tana miƙewa daga kujera, tana kaɗa wa kyamara hannu.

"...ya isa haka, kashe abin nan, na gaji da zama kamar gunki." Muryar tana da ɗan kaushi, da dariya a ƙarƙashinta. Sai ta juya gefe, ta ɗaga murya. "Ke! Sauko daga kan akwatin nan kafin ki karye min. Ba da ke nake ba?"

Ta fita daga hoton. Kyamara ta koma kan masu shigo da katifa.

A bangona agogo bakwai ne, ban taɓa jin ƙararsu kamar ranar ba.

Yayan ne ya fara magana. "Ke ce a kan akwatin."

"Na sani, Yaya."

"Kuma ba ki sauko ba."

"Ban sauko ba." Ta goge fuskarta da bakin mayafi, ta jawo bencin kusa da teburin har ya taɓa gwiwar Injiniya. Ba ta kalli mai bidiyo ba, amma da shi take.

"Baba, ƙaro min murya. Mayar da shi farko."