Shekarar da Aka Daina Kiran Mai Feshi

Shekara goma sha takwas ya yi yana goya tankin feshi a baya, har kafaɗarsa ta dama ta ɗan karkace. Duk masu noman shinkafa na fadamar Mai Feshi suke kiransa. Da damina ba ya zama: wannan ya kira, wancan ya aiko, kowa sau huɗu ko biyar kafin girbi. Da wannan sana'a ya yi aure, da ita yake ciyar da 'ya'ya biyar.

Wadda ta fara hana shi aiki kuwa yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu ya bar mata gona, kuma a shekarar ta shiga cikin masu sauraron wata malamar gona da aka turo musu. Ya iso da safe da tankinsa kamar yadda ya saba, ta tare shi a bakin gona.

"Ajiye, ƙanena. Bana ba feshi sai mun duba mun ga ƙwarin sun kai a yi."

"Yaya, wa zai duba? Ke?"

"Malama ta nuna mana. Ta ce maganin nan har gizo-gizo da kwaɗi yake kashewa, su kuwa su ke cinye mana ƙwarin kyauta. Takin zamani ma rabi zan sa, in raba shi kashi uku. Sauran na cike da kashin shanu da karan bara da na ƙi ƙonawa."

"To madalla. Sai kwaɗin su zo su ci abinci a gidanki, tunda su ne 'yan'uwanki yanzu."

Ya juya ya tafi, wata biyu bai taka gidanta ba. Ya zuba ido yana jiran ya ga tsutsa ta cinye gonar, amma shiru. Sau ɗaya tak ta kira shi, ya yi feshin fuska a ɗaure. Da aka yi girbi ta samu buhu ɗaya ƙasa da na bara, sai dai rarar da ta yi a kuɗin magani da taki ta kai kuɗin buhu huɗu. Labari ya zaga. Damina ta gaba, rabin masu kiransa suka yi tsit.

Gida ya fara jin jiki. Matarsa ta rage cefane ba ta ce komai ba, shi kuma abin ya fi ci masa rai fiye da a ce ta yi magana.

Ana cikin haka wani tela mai ƙaramar gona ya zo a rikice, wai shinkafarsa ta yi rawaya, a zo a fesa yau yau. Mai Feshi ya ɗauki tanki da sauri, kwana tara ke nan ba wanda ya neme shi. Ya shiga ruwan gonar har ƙauri, ya buɗa ganye, ya tsaga kara biyu da farce. Babu tsutsa, babu ƙwai. Shinkafar yunwa take ji kawai.

Ya daɗe a sunkuye. Telan ba zai taɓa ganewa ba, ga kuɗin a hannunsa yana miƙowa.

"Maigida, mayar da kuɗinka aljihu," ya ce da ƙyar. "Ba ƙwari ba ne. Taki take so, ɗan kaɗan, kuma ka rage ruwan kafin ka zuba."

Ya koma gida da tankin a cike. Da ya gaya wa matarsa, ta dube shi, ta ce, "Wato kai ma ka zama malamar gona." Ta yi dariya, amma ya ga ta share ido da bakin mayafi.

Bayan kwana goma gonar tela ta koma kore shar. Tela kuwa bakinsa ba ya rufuwa, duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ji. Malamar da kanta ta zo har ƙofar gida, yayarsa na biye da ita.

"An ce ka fi ni sanin ƙwarin fadamar nan," in ji malamar. "Manomana sun gaji da sunkuyo suna ƙirga tsutsa. Za ka riƙa zaga musu gonaki duk mako, su biya ka ladan dubawa?"

"A biya ni don ban yi feshi ba?"

"Karɓi mana, sarkin fushi," in ji yayarsa.

Ya karɓa. Abin da yake samu yanzu bai kai na da ba, shi ma ba ya ɓoyewa, kuma da rani sai ya haɗa da dakon buhuna a kasuwa. Amma gonaki ashirin da uku ke hannunsa, yana fesa wadda ta buƙata, ya ƙyale saura. Har yau in ya ce wa manomi a jira mako ɗaya, akwai masu yi masa kallon ya zautu, su tafi neman wani mai tanki a ƙetaren kogi.