Tsakuwa Mai Ƙara

Tun da likita ya hana Baba zaƙi, sai ya tsiri son lambu. Mutumin da bai taɓa ba shuka ruwa ba! Ni dai na san dalili: akwai gwangwanin alewa da ya ɓoye bayan wata tukunyar fure, can ƙarshen lambun. Matsalarsa ɗaya, Mama tafiyar kyanwa gare ta, ba ka jin zuwanta sai dai ka gan ta a kanka.

Da ruwan sama ya mayar da hanyar lambun taɓo, Baba ya ce a zuba tsakuwa. Na kai shi da Mama wajen masu fasa dutse. Mai sayarwa ya nuna mana tsibi-tsibi: ga ƙanana masu santsi, ga mai gari-gari da ke kwanciya luf idan an daddanne, ga manya masu kaifi.

"Mai laushin nan ta fi dacewa da dattawa," in ji shi.

Baba ko kallonta bai yi ba. Ya sa aka baza kowace a ƙasa, ya rufe ido, yana takawa yana kasa kunne. Da ya hau masu kaifin suka ce ƙaras-ƙaras, sai ya washe baki.

"Wannan nake so."

Na jira gardamar Mama, don ko labule ba a taɓa saye a gidanmu ba tare da ita ba. Sai kawai ta ce, "Yadda ka ce, Malam." Nan ya kamata Baba ya sha jinin jikinsa.

Washegarin da aka zuba, ya sulale bayan cin abincin rana. Bai yi nisa ba Mama ta leƙo ta tagar kicin.

"Sai ina?"

"Duba fure."

"To, a gaida furen."

Ya gwada sanɗa, ƙarar ta ƙaru. Ya cire takalmi, ya dawo yana ɗingishi yana tsine wa mai dutse. Na yi dariya har da hawaye.

Da yamma muna yankan albasa na ce, "Mama, ashe kin san da gwangwanin?"

"Wa kike zato ke rage alewar, ya bar masa guda?" ta ce. "Ba ita ce damuwata ba. Tun ranar da jiri ya kayar da shi can ban sani ba, hankalina bai kwanta ba. Yanzu in na ji tafiyarsa, sai in jira in ji dawowarsa."

Daga waje muka ji ƙaras, ƙaras, a hankali. Mama ta ajiye wuƙa ta kasa kunne.